Litinin a Gidan Mama Abomo

Tsofaffin nan biyu ba su haɗa kalma ko ɗaya ba, amma da rana ta ɗaga za ka gan su a bakin baranda, faifai a tsakaninsu, suna ɓarar agushi suna hira. Mama Abomo, mai gidan, da yaren Ewondo take zubawa. Kaka ta amsa mata da nata yaren, Lamnso. In ɗaya ta tuntsure da dariya ɗayar ma sai ta kama, har su riƙa dukan cinyar juna, alhali babu wadda ta san abin da 'yar'uwarta ta faɗa.

Duk 'yan haya abin dariya yake ba su, ban da Leinyuy. Ita gabanta ne ke faɗuwa duk lokacin da kakarta ta buɗe baki.

Da suka gudo Yawunde daga ƙauyensu na kusa da Kumbo, babu ƙofar da mahaifiyarta Bongfen ba ta ƙwanƙwasa ba. Da an ji sun fito daga ɓangaren ƙasar na masu Ingilishi, inda ake rikici, sai ɗakin da ke buɗe ɗazu ya zama an riga an kama. Shi ya sa da suka iso nan Bongfen ta gyara Faransancinta ta ce su Bamun ne, mutanen Fumban. Mama Abomo ba ta bambance Lamnso da Bamun, duk yaren mutanen tudu ne a kunnenta. Ta ba su ɗakin da ke kusa da famfo.

Tun daga ranar Leinyuy ta koma Leoni. Littattafanta na Ingilishi ta naɗe su a tsohon zani ta tura ƙarƙashin katifa. In rediyon tsakar gida ya gama labarai da Faransanci ya juya Ingilishi, takan sunkuyar da kai kan wanke-wanke, kada fuskarta ta nuna tana fahimta.

"Leoni, kashe mana kukan kwaɗin nan," in ji Mama Abomo. "Ba na son jin sa a gidana."

Kowa ya san dalili. Hoton ɗanta Ondoa na rataye a falo, cikin kakin soja, da baƙin ƙyalle a kusurwarsa. Can aka tura shi, can yankin su Leinyuy, a akwati ya dawo.

Komai Kaka ta yarda da shi, ban da abu guda. A ƙauyensu, tun da rikici ya ɓarke, ba a fita ranar Litinin. Ba kasuwa, ba gona, ba makaranta, hayaƙi ma ba a bari ya tashi. Wanda ya fita, 'yan tawaye, yaran daji, su ce ya bi gwamnati. Wanda aka tarar a hanya, sojoji su ce ɗan daji ne. Wata Litinin akuyarsu ta tsinke igiya, mahaifin Leinyuy ya ce bari ya leƙa bayan gida ya kamo ta. Akuyar ta dawo da kanta da yamma, shi bai dawo ba.

An yi bayani an gaji, Kaka ta ƙi yarda cewa Litinin ɗin Yawunde daban ce. Da gari ya waye takan saka sakata, ta ja labule, ta zauna a ƙasa ta jingina da gado. Bongfen ta ce wa mutanen gida sanyin ƙashi ne ke taso mata.

"Wannan ciwon na kakarki ma'aikacin gwamnati ne?" Mama Abomo ta taɓa tambaya. "Litinin kaɗai yake zuwa ofis?"

Leinyuy ta yi murmushin dole ta wuce.

Ranar da abin ya faru Litinin ce, makaranta na hutu, Bongfen kuma ta tafi tasha sayar da fanke da wake. An yi ruwa da safe, jar ƙasar tsakar gida ta zama taɓo. Mama Abomo ta fito cikin doguwar rigar matan coci, jaka a hammata, ta ƙwanƙwasa tagarsu.

"Ke ƙawata mai ciwon ofis! Na tafi taro. Leoni, ce mata in ta cinye mini agushi a bayana, sai na kai ta kotu."

Kaka ta ɗaga gefen labule. Ta ga riga, ta ga jaka, ta ga ƙawarta ta nufi ƙofar gida.

"Ina za ta?" ta tambaya a hankali.

"Coci, Kaka. Nan ba a hana fita."

"Yau?"

Daidai nan salansar wani ɗan acaɓa ta buga a kan titi, tau, kamar bindiga, sannan ta sake.

Leinyuy ba ta taɓa sanin kakarta na da irin wannan saurin ba. Sakata ta zare, tsohuwa ta keta taɓo babu takalmi, ta cafke Mama Abomo ta ƙugu ta jawo ta da baya. Jaka ta faɗi. Ta turo ta cikin ɗaki, ta kayar da ita a ƙasa tsakanin gado da bango, ta kwanta a kanta, ta toshe mata baki da tafin hannu.

Mama Abomo ta yi ta mutsu-mutsu, dariya na neman ƙwace mata. Ta ture hannun.

"Ke tsohuwar banza, kashe ni za ki yi? Rigar coci ce fa! Leoni, zo ki ɗauke mini wannan…"

Ta juyo da kai, maganar ta maƙale. Leinyuy na kwance rub da ciki a bayan ƙofa, hannuwa biyu a kan ƙeya. Ita kanta ba ta san lokacin da ta kwanta ba.

A waje ɗan acaɓan na zagin babur ɗinsa, mai sayar da rogo na kiran ciniki. Kaka na shafa kan ƙawarta tana raɗa mata magana irin ta lallashin yaro.

Mama Abomo ta tashi zaune. Ta dubi labulen da aka ja, ta dubi murhun da ba a hura ba.

"Me take cewa?"

Ƙarya Leinyuy ta nema a bakinta ba ta samu ba.

"Ta ce ki kwanta, Mama. Ta ce in kin yi shiru za su wuce."

"Su wa?"

Leinyuy ta waiga wajen sakatar ƙofa.

"Ondoa yakan bugo mini waya ranar Litinin," in ji Mama Abomo, muryarta ta sauka ƙasa. "Ya ce Mama, yau garin nan ko kaza ba ta fita. Ya ce mutanen garin suna bayan labule suna kallonmu." Ta goge taɓon da ke gwiwarta, ya ƙara shafewa. "A Fumban ba a rufe ƙofa ranar Litinin. Mene ne sunanki?"

"Leinyuy."

"'Yan Ingilishi. A gidana. Ina cin abinci kwano ɗaya da ku."

"Mama, na rantse da Allah, kakata ko gaisuwa ba ta iya da Ingilishi ba. Ko makaranta ba ta taɓa shiga ba."

"Shi ma ɗana bai iya ba."

Kaka na dubansu ɗaya bayan ɗaya. Ta kamo hannun Mama Abomo ta riƙe a ƙirjinta.

"Tambaye ta, ta ji ciwo? Na kayar da ita da ƙarfi."

Leinyuy ta fassara. Mama Abomo ba ta janye hannun nan da nan ba. Ta daɗe tana kallon yatsun da suka riƙe ta, masu kaushi, da ɓawon agushi a ƙarƙashin farce. Sannan ta zare a hankali, ta dafa gado ta miƙe.

"Wan Ondoa zai zo ƙarshen wata. Ba na son ya tarar da ku, don ban san abin da zai yi ba, ni ma ban san abin da zan ce masa ba. Ki faɗa wa uwarki. Litinin mai zuwa ina son ɗakina."

"Mama, ina za mu?"

"Ni ma da na tambaya ina zan sa kaina, babu wanda ya ba ni amsa."

Ta fita. Leinyuy na jin takunta a cikin taɓo, ta ji ta tsaya ta ɗauki jakarta. Kaka ta rarrafa ta leƙa ta gefen ƙofa, tana kiran ta da ta dawo, ta dawo, masu harbin ba su yi nisa ba tukuna.

Takun ya tsaya. Mama Abomo ba ta waiwayo ba, bayanta kawai Leinyuy ke gani, da taɓo a jikin farar rigar.

"Talata," ta ce. "Ku tashi Talata."