Muryar Da Ta Kira 'Yan Sanda

Maree Vassallo tana shanya kayan makarantar 'yarta a bayan gidan Anti Glenys sai wayarta ta yi ƙara. Ba ta san lambar ba, kuma tun da ta gudo daga garin Wirraba, ba ta yarda da baƙuwar lamba. Ta bar ta ta yi ta ruri har ta kusa tsinkewa, sannan ta ɗauka, ta yi shiru tana saurare.

Mace ce, daga ofishin da ke duba buƙatun masu neman bayanan 'yan sanda a babban birni. Muryarta a sanyaye, irin ta waɗanda ba su taɓa wuni a rana ba. Ta ce sun gano abin da Maree ta nema: bidiyon da kyamarar ƙirjin ɗan sanda ta ɗauka a waccan Lahadin, da muryar wanda ya kira su.

Waccan Lahadin ita ce ranar da mijinta Brenton ya shaƙe ta a kicin da rana tsaka, 'yarsu Tilly tana ɓoye ƙarƙashin tebur. Maree ba ta kira kowa ba, sai dai ta ga motar 'yan sanda ta keto ta tsakiyar gonar rake. Da suka tambaye ta, ta ce santsi ne ya kwashe ta. Yanzu ga shi Brenton ya shigar da ƙara yana neman a ba shi Tilly, wai uwarta maƙaryaciya ce, ta sace masa 'ya. Lauyar Maree ta ce doka ta ba kowa damar neman abin da hukuma ta ajiye a kansa, shi ya sa Maree ta nemi bidiyon, don ko bakinta ya yi ƙarya a ranar, shatin yatsu a wuyanta bai yi ba.

"Sai dai akwai abu ɗaya," in ji matar. "Ba ke kaɗai ce a ciki ba. Kafin mu saki, dole mu tuntuɓi sauran, mu ji ko suna da ja."

"Sauran su wa?"

"Mutum biyu. Ba ni da ikon faɗa miki sunayensu."

"Za ku gaya masa inda nake?"

"A'a, ko kusa. Amma zai san an nema." Sai ta ƙara da cewa, "Kina iya janyewa. Da yawa suna janyewa idan aka zo nan."

To wa zai nemi bidiyon kicin ɗin Brenton Keogh in ba matar da ya shaƙe ba? Ai ko Tilly za ta gane. Maree ta tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu, ruwa yana ɗiga mata a ƙafa. Tsoro take ji, tsoro tsagwaronsa. Ta hango Tilly a gindin mangwaro tana yi wa kaji faɗa.

"Ku tambaye su," ta ce.

Daga ranar ta daina cin abincin kirki. Ko jirgin ƙasa mai jigilar rake ne ya yi gunji a bayan gari sai ta zabura. Ta hana Tilly zuwa bakin ƙofa. Tsakanin garin Kallanda, inda Anti Glenys take, da Wirraba akwai tafiyar rabin wuni a mota, Brenton kuma bai taɓa damuwa ya san danginta ba, ko a ranar ɗaurin aure bai iya riƙe sunan Anti Glenys ba. Wannan rashin mutuncin nasa shi ne kaɗai katangar da ta rage mata.

"Ke, ki zauna mana, kin ishe ni da leƙen taga," in ji Anti Glenys. "Ya zo ɗin. Wallahi na sari rake kafin a haifi ubansa."

"Anti, ba ki san shi ba."

"Na san ire-irensa. Na auri biyu, na binne ɗaya, ɗayan kuma har yau in ya hango ni sai ya tsallaka titi. Sha shayinki."

Maree ta kan tambayi kanta wane ne mutum na biyun. Direban tarakta ne da ya wuce? Babu maƙwabci a wannan gonar sai Noelene, uwar Brenton, a ƙaramin gidan da ke ƙetaren fili, ita kuwa a cire ta. Washegarin abin Noelene ta shigo da farantin kek, ta dubi gyalen da Maree ta naɗa a wuya cikin wannan uban zafi, ta ce ana sa ran ruwa ƙarshen mako. Shi ke nan abin da ta ce. Maree ta fi jin ciwon wannan kek ɗin a kan shaƙar kanta.

Wata Talata da hantsi, tana ƙarƙashin gidan, inda injin wanki yake tsakanin ginshiƙan katakon da aka ɗora gidan a kansu, sai ta ji shi. Kafin idonta ya gani kunnenta ya gane: injin a-kori-kura mai tari, da sarƙar kare tana dukan bodi. Shekaru ta yi tana jin wannan ƙarar da yamma, tana auna yanayin mai motar daga yadda ya taka birki.

Farar motar ta shawo kwana. Ga lotsewar nan a ƙofar direba.

Maree ba ta san lokacin da ta isa gindin mangwaro ba. Ta fizgi Tilly, ta toshe mata baki, ta ja ta bayan tankin ruwa suka durƙusa. Ta laluba aljihu, wayar tana can kan injin wanki.

Anti Glenys ta sauko daga matakala da tsohuwar addar rake, ga silifas ɗaya a ƙafa.

Motar ta hau kan furannin Anti, ta ture kwandon shara, ta yi tsalle ta mutu. Brenton ko a buge ba ya tuƙi haka. Ƙofa ta buɗe, wata 'yar tsohuwa ta zuro ƙafa tana neman ƙasa, matashin kan da ta zauna a kai don ta ga hanya ya biyo ta ya faɗo.

"Nana!" Tilly ta ƙwace ta ruga wurin kakarta.

"Ajiye addar nan, Glenys, kar ki sare ƙafarki," in ji Noelene.

"Furannina fa, tsohuwar banza? Wa ya ba ki lasin?"

"Babu wanda ya ba ni."

Maree ta fito tana dafa tanki. Idonta yana kan motar, tana jiran wani ya ɗago daga baya.

"Ni kaɗai ce," Noelene ta ce.

"Ya aka yi kika san nan?"

"Haba, 'yar nan. Ina za ki in ba wurin Glenys ba? Tun ranar da kika tafi na sani. Ya tambaye ni har ya gaji." Ta shafa kan Tilly. "Wata yarinya ta kira ni daga birni, wai ko ina da ja a saki muryata. Na ce su saki, su ƙara mata ƙarfi ma in alƙalin kurma ne."

Maree ta matso kusa da ita. "Ke ce?"

"To wa zai ji ki a tsakiyar rake? Ina wanke kwanoni na jiyo. Na kira su, na koma na ɓuya a banɗaki kamar ɓarauniya. Da safe na kawo miki kek, na kasa buɗe baki. Ni na haife shi, Maree. Tsoronsa nake ji, kamar yadda na ji tsoron ubansa."

"Shi ma sun kira shi?"

"Jiya. Ya farfasa kujeru. Ya ce sai ya gano munafukin da ya kira, sai kuma ya gano ki, ko da zai bi danginki gida-gida. Ya fara tuno da wata anti mai baki." Ta dubi Glenys. "Yau da safe na ce masa ya huta da nema, ni ce. Da ya shiga wanka na ɗauki makulli. In zai zo, sai dai ya ari motar wani, kuma lokacin yankan rake ne, babu mai ba da aron mota da wuri."

Da wuri. Maree ta maimaita kalmar a ranta. Zai samu, ko yau ko gobe.

Sai a lokacin ta dubi tsohuwar da kyau. Rana ta take, gumi yana bin fuskar kowa, kaji ma sun buɗe baki a inuwa. Noelene kuwa ta naɗa gyale a wuya, ta ɗaure shi tam har ƙarƙashin haɓa.

Noelene ta ga inda take kallo. Ta kai hannu ta gyara ƙullin. "An ce za a yi ruwa," ta ce.

"Anti, ki shiga da su ciki, ki kulle ƙofa," in ji Maree.

Ta koma ƙarƙashin gidan ta ɗauki wayarta daga kan injin wanki. Ta danna lambar 'yan sanda. Aka ɗauka, aka ce mata ana naɗar wannan kiran, wa ke magana?

"Ku naɗa," ta ce. "Sunana Maree Vassallo. Mu biyu ne ya shaƙe."