Ƙyauren Bahago

Na tsufa a sana'ar walda, furfura ta cika mini kai, idona na dama ya soma gajiya da hasken wuta, amma ban taɓa zana ƙyaure ɗaya da zan nuna in ce daga kaina ya fito ba. Na sha yin niyya. Kullum sai in ce bari aikin da ke hannu ya fita tukuna, har shekaru suka cinye niyyar. Abin da na iya, kuma na iya shi ƙwarai, shi ne in tsaya gaban aikin wani in haddace shi da ido, in dawo rumfata in fitar da irinsa.

Mutum ɗaya ne muke kwaikwayo. A layinmu na masu walda ana kiransa Mai Tauraro, domin kowane ƙyaure da ya fito daga wurinsa yana ɗauke da faffaɗan farantin ƙarfe a tsakiya, da tsinaye kewaye da shi, an shafe shi da fenti ruwan zinare. Da wannan ƙyauren ya yi suna, ya bar rumfar kwano ya koma gini mai bene, ya daina riƙe inji da hannunsa. Mu da ya bari a baya muka ɗauka sirrin yana cikin tauraron. Ka bi layin rumfa bayan rumfa, ba za ka ga ƙyaure a jingine ba sai da farantin nan a ƙirjinsa. Ni na fi kowa iya shi, har ina alfahari da cewa ba a bambanta nawa da na mai shi.

Ɗana na fari, wanda kowa ke kira Bahago, a rumfata ya girma, yanzu magidanci ne mai 'ya'ya. Shi kaɗai ne bai taɓa son tauraron ba. Yakan manna shi idan na sa shi, fuska a murtuke.

Wata rana wata malamar asibiti ta tsayar da motarta a gabanmu. Na fara nuna mata ƙyauren da muka gama, sai ta ɗaga mini wuyan hannunta na dama, ɗaure da bandeji.

"Malam, ni ba ado nake nema ba. Ni da mahaifiyata ne kawai a gidan, ni nake buɗewa, ni nake rufewa. Ina son ƙyauren da zan tura da hannu ɗaya."

Kafin in buɗe baki, Bahago ya ce, "Zan yi miki, Malama."

Ya yi shi kuwa. Siraran bututu, fallen ƙarfe marar nauyi, ƙananan tayoyi biyu da ke bin dogon ƙarfe a ƙasa. Ya shimfiɗa dogon a gaban rumfa don gwaji, ya sa yatsa ɗaya ya tura, ƙyauren ya tafi sumul ba ƙara. Na gani da idona, na kuma san abin da na gani. Amma kunnena yana wurin maƙwabta.

Mai rumfar kusa da mu, wani siririn mutum da ake kira Tsinke, shi ya fara. "Baban Bahago, ƙarfe ne ya ƙare muku? Ka yi magana mana, a tara muku."

"Wannan ai ƙofar akurkin kaji ce," in ji wani daga can. "A ɗaure ta da igiya kada iska ta tafi da ita."

Bahago bai ko ɗaga kai ba. Ni kuwa maganar ta ci mini rai. Mutanen da ban taɓa ganin sun ja layi madaidaici ba, yau su ne ke dariya a ƙofar rumfata.

Ranar da Bahago ya tafi gidan malamar auna wurin da zai kafa dogon, na tsaya ni kaɗai gaban ƙyauren. Na gaya wa kaina cewa bai ƙarasa ba ne, kuma aikin uba ne ya ƙarasa wa ɗansa. Na zaɓi faranti mafi kauri, na yanka tsinaye, na manna su a tsakiya, na jera wasu a sama, na shafa fentin zinare. Tsinke ya leƙo ya ce, "Yauwa, yanzu ya zama ƙyaure." Na ji daɗin maganar, kuma har yau ina jin haushin kaina saboda daɗin da na ji.

Da yamma suka dawo tare, shi da malamar. Ta dubi tauraron, ta dubi Bahago, sannan ta sa hannun hagu ta tura. Ƙyauren ya motsa kaɗan, ya karkata, tayar gaba ta cije. Ta sa kafaɗa, bai tafi ba.

"Malam, da wa na yi magana ranar nan?" ta tambaye ni. "Da bango? Na ce hannuna ne matsalata, ka ɗora mini kaya don maƙwabta su yaba?" Ta shiga mota ta ja.

Bahago ya jira ƙarar motar ta ɓace. "Baba, wa ya sa ka?"

"A rumfata kake tambayata wa ya sa ni?"

"Abu ɗaya na taɓa yi nawa a wurin nan. Ɗaya tak. Shi ma ba ka iya barinsa ya fita ba sai da fuskar wani."

"Fuskar wanin nan ita ta ciyar da kai!"

"Ta ciyar da ni, Baba. Ka duba kuma abin da ta mayar da kai."

Na ɗaga hannu kamar zan mare shi, mutum mai gemu, uban 'ya'ya. Bai kauce ba. Ni na sauke hannun.

Washegari da hantsi Bahago yana zuba kayan aikinsa cikin akwati sai ga motar Mai Tauraro. Labarin ƙyauren da yatsa ke turawa ya kai masa, ya zo gani. Ya tsufa, ya yi teɓa. Ya durƙusa da ƙyar ya daɗe yana duban tayoyin, sannan ya miƙe, idonsa ya faɗa kan farantina, ya fashe da dariya har yana dafa gwiwa.

"Har yanzu kuna manna abin nan? Tsohon abokina, kai ma?" Layin duk ya taru. "Ku ji fa. Ƙyaurena na farko, wuta ta yi mini yawa, na huda fallen a tsakiya, mai shi kuma yana hanya. Sai na yanko guntun ƙarfe na yi faci, na sa masa tsinaye don kada a gane, na shafa fenti. Mutumin ya so shi, abokansa suka ce irinsa suke so. Shi ke nan fa. Faci ne!"

Tsinke ya yi dariya, sauran suka bi, kamar ba su ba ne. Ni ban yi ba. Na dubi layin, ƙyaure bayan ƙyaure, duk muna rufe ramin da babu shi. Na ji haushin mutumin da ya bar mu muna yi bai taɓa faɗa ba, amma da na nemi laifinsa sai na rasa: babu wanda ya taɓa tambayarsa dalili a cikinmu.

Mai Tauraro ya juya ga Bahago. "Ɗana, ka zo wurina. Zan sa a yi ta buga irin wannan."

"Don layin nan ya samu sabon abin kwaikwayo? Na gode, ranka ya daɗe." Ya rufe akwatinsa. "Can ba zan je ba, nan ma ba zan zauna ba."

Da motar ta tafi, mutane suka watse, na jawo injin yankan ƙarfe na kunna. Na kai shi bakin farantin, sai na tsaya. Fallen siriri ne, ban saba da irinsa ba; idan na danna yadda na saba, ni ma zan huda shi. Na kashe injin. Bahago ya riga ya kai bakin titi da akwatin a hannu.

"Bahago," na kira shi, a gaban Tsinke da kowa. "Ta ina ake farawa? Ban sani ba."

Ya tsaya bai juyo ba, har na ɗauka zai wuce. Sannan ya dire akwatin a nan bakin titi, bai shigo da shi ba, ya dawo ya karɓi injin da hannun hagunsa.

"Ba daga sama ba. Riƙe mini nan, kada ya motsa."

Na riƙe.