Shelar Buhu Mai Jan Tambari

Ranar Lahadi, bakwai ga watan Yuni na 1953, aka gano cewa buhu goma sha tara na irin dawa, wanda aka cuɗa da maganin ƙwari, sun shiga kasuwar Jibiya an auna wa jama'a a matsayin abinci. Aka kira Kalilu mai shela, aka umarce shi ya sanar cewa duk wanda ya saya daga buhu mai jan tambari ya kawo wa hukuma. Amma aka hana shi ambaton guba, don kada fataken ƙasar Faransi su ƙaurace wa kasuwa.

Mutane kuwa ba su manta da zamanin yaƙi ba, sa'ad da irin wannan shela take nufin ƙwace hatsi. Kowa ya ɓoye nasa, mata suka hau daka.

Kalilu ya iske ƙanwarsa Salmatu a Magama tana surfen dawar, ya ce mata guba ce, ya roƙe ta ta zubar.

Ta ce, "Haba Yaya! In guba ce, mi ya hana ka faɗi a kasuwa gaban kowa? In mun kai wa hukuma, dawakinsu za su ba."

Abin da aka mayar bai cika buhu biyu ba. Ranar Laraba aka binne 'ya'yan Salmatu uku.