Lallen Tsoho

Hantsi bai gama ɗagawa ba, amma zafi ya riga ya sauka kamar an buɗe bakin tanda. Maliki na durƙushe a gindin katangar gidansu da adda a hannu, yana saran lalle.

Ubansa ne ya dasa lallen nan, da 'yan rassan da ya ɗauko daga garin Mai Wurno shekarar da aka ba shi gonar auduga kusa da garin Haj Abdalla. Tun da tsohon ya rasu ba wanda ya kai masa ƙarfe. Ya miƙe har ya wuce katanga, ganye da farin fure duk can sama, ƙasa kuwa sai ƙaya da busasshen itace. Bara gindi biyu suka mutu. Ga shi ran Juma'a za a rufe ruwan tur'a, babbar hanyar ruwan gonaki, sai kuma damina. In ba a sare shi yanzu ya sha ruwan ƙarshe ya yi toho ba, rani zai cinye sauran.

Uwarsa, Iya Ma'u, ta fito da buta, ta tsaya cik.

"Kai, Maliki! Wa ka taɓa gani ya sari lalle yana fure?"

"Iya, ruwa ba ya jiran fure."

"Hannun ubanka ne fa a nan."

"Shi ya sa, Iya."

Ta ajiye butar da ƙarfi, ta koma ɗaki.

Bai ɗaga kai ba. Kowane gindi sai ya auna kamu ɗaya daga ƙasa, ya sare a karkace yadda ya ga tsohon na yi, ya shafe bakin saran da ɗanyen laka don kada rana ta tsotse shi. Ƙaya ta tsattsage masa tafin hannu, ya goge jinin a gefen riga, ya ci gaba.

Maƙwabcinsu Gambo ya leƙo daga kan jakinsa.

"Ya zol, mutumina, itacen wuta ne ya ƙare muku? Da kun aiko, muna da karan dawa."

"Wuce, Gambo, kada jakinka ya koyi surutu."

Saura ɗaya, mafi tsawo, wanda ke ƙofar ɗakin Iya, inda take shimfiɗa tabarma da la'asar. Ya iske ta zaune a ƙarƙashinsa.

"Har wannan?"

"Har shi, Iya."

Ta daɗe tana kallon furen. Shi kuma ya tsaya, addar na rataye a hannunsa, bai matsa ba, bai ja da baya ba. Can ta tashi, ta naɗe tabarmarta, ta ba shi wuri ba tare da ta dube shi ba.

Kafin azahar tsakar gida ta zama fili, kututturai jere da hulunan laka. Ya yi ta jigilar ruwa daga tur'a da garwa biyu a sanda, har kowane gindi ya ƙoshi. Sannan ya zauna a inuwar katanga, hannuwa na zogi.

Ya ji ƙarar turmi a bayan ɗaki. Jim kaɗan Iya ta zo da ɗan ƙoƙo, ta kama hannunsa ta juya shi, ta shafe tsagar ƙayar da ɗanyen lallen da ta daka daga rassan da ya zubar. Sanyi ya ratsa shi har kafaɗa.

Ta ɗaure da tsumma, ta ɗauki ƙoƙonta ta tafi.