Idon Inna da Sabuwar Filasma

Duk Wurma babu wanda bai san idon Inna Mairama ba. Mahaifiyarmu ce, ni Rekiya da ƙanena Sabitu. Ita ce ke riga maza ganin jinjirin watan azumi, kuma ko daga nesa ta hango garken awaki sai ta faɗa maka wacce ke ɗingishi. Saboda haka da ta ce tsohuwar talabijin ɗinmu ta lalace, fuskokin mutane duk sun dame kamar kunu, babu wanda ya yi musu. Ni dai ina ganin hoton ba laifi, amma wa ya isa ya ja da idon Inna?

Abin da ya ta da maganar kuwa 'yata ce Khadijat, wadda Inna ta ɗauka tun yaye ta raine ta. Yarinyar ta kai zagayen ƙarshe a musabaƙar Alƙur'ani, kuma wata tashar Hausa za ta nuna su ranar Asabar bayan la'asar. Inna ta ce ba za ta kalli ɗiyarta a cikin wannan akwatin tsiya ba, so take ta ga fuskarta sosai.

Sabitu yana aiki a Dutsin-Ma, kuma mutum ne mai son a ce ya yi. Ranar Asabar da hantsi sai ga shi da sabuwar talabijin filasma fankaceciya, da sabuwar dikoda mai kamo tashoshin HD, da wani Bilya mai ɗaura dish, wato kwanon kamo tashoshi, da ya ɗauko daga Kurfi. Tun daga zaure yake cika baki, wai a wannan hoton ko zufar mutum sai ka ƙirga.

Ɗaura dish a ƙauye aikin gayya ne. Mai juya kwanon yana kan rufi, wani yana ciki yana kallon hoto, wani kuma yana tsakani yana kai saƙo da ihu. Bilya ya hau sama, Sabitu ya riƙe masa tsani. Alƙalanci kuwa Inna aka ba, aka shimfiɗa mata tabarma gaban filasma. Ni na tsaya a tsakar gida inda Bilya zai ji ni, tunda Allah Ya hore mini murya.

“Ya yi?” in ji Bilya daga sama.

“Inna, ya yi?”

“Bai yi ba! Gara ma tsohuwar.”

Bilya ya ɗan juya kwanon ya sake tambaya, Inna ta ce har yanzu dishi-dishi. Aka yi ta haka rana tana dukan mutane. Bilya ya rantse sigina ta cika, ni kuwa na ce masa sigina ta cika a bakinsa, aikin da bai iya ba ya zo yana koyo a kan rufinmu. Na faɗa masa maganganu, har da na kakansa da ban taɓa gani ba. Shi ma zuciya ta ɗebe shi, ya finciki kwanon ya karkatar da shi gaba ɗaya.

Sai muryar Inna daga ɗaki: “Yawwa! Yanzu kau ya fara washewa. Ku ce mashi ya tsaya nan.”

Na yi guɗa na ruga ciki. A bakin ƙofa guɗar ta maƙale mini. Babu hoton komai a filasmar, shuɗin haske ne kawai fetal daga sama har ƙasa. Inna kuwa ta tsura masa ido tana gyaɗa kai.

Na jingina da bango. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Tun bara ta daina ɗinki, wai alluran yanzu ba su da kafa. Ta bar mini tsintar shinkafa, wai bayanta ke ciwo. Ko ɗazu da Sabitu ya shigo, ba ta kira sunansa ba sai da ya yi sallama. Kullum da abin da take ɗora wa laifi, mu kuma muna taya ta.

Sabitu ya leƙo yana murmushi. Ya dubi filasma, ya dubi Inna, ya dube ni.

“Innalillahi,” ya ce a hankali.

“Mi ya faru kuka yi tsit?” in ji Inna.

Sabitu ya fita ya roƙi Bilya ya mai da kwanon inda yake. Hoto ya dawo tangaran, har zaren labulen zauren musabaƙar kana gani. Ban taɓa ganin hoto mai kyau haka ba, kuma ban taɓa jin haushin abu kamarsa ba.

Bayan la'asar aka kira sunan Khadijat. Ga ta nan kamar a ɗakin take, har da ɗan tabon goshinta na faɗuwar da ta yi a bakin rijiya. Tana buɗe baki Inna ta zabura.

“Ɗiyata ce! Mi ya sa ba a nuno ta ba?”

“An nuno ta, Inna,” na ce. “Ga ta nan, ta cika gilashin.”

Inna ta kasa kunne har yarinyar ta kai ƙarshen aya. Sannan ta ja jiki ta matsa, har hancinta ya kusa taɓa filasmar.

“Ashe ba akwatin ba ne,” ta ce.

Ta ɗaga hannu tana laluben gilashin, ta dafa labule, ta dafa kujerar alƙalai.

“Rekiya, ina fuskar take?”

Na kama hannunta na ɗora a kan kuncin Khadijat. Ba ta ɗauke shi ba har aka gama karatun.