Shida Cikin Bakwai

"Shida ne," in ji babbar 'yar marigayin. "Ƙirga ki gani. Mu bakwai ya haifa."

Na ƙirga, shida ne. Kwamfutar tana kan teburinsa inda ya bar ta, kusa da kwalbar maganin hawan jini da tabaransa mai ɗaure da zare. A saman shafin an rubuta "'Ya'yana" da shuɗin haruffa, a ƙasa sunaye a jere, wanda ka taɓa hotonsa ya fito. Nata ne babu.

Jiya aka binne shi. Ƙannenta suna falo da masu gaisuwa, ita ta shigo ɗakin neman katin asibiti, ta taɓa kwamfutar, shafin ya buɗe. Sai ta leƙo ta kira ni.

Ni maƙwabciyarsa ce, shekara tara ƙofata na kallon tasa, a kantin magani nake aiki. Shi malamin lissafi ne da ya yi ritaya, zama ya ishe shi. Bara ya gano wani kwas na kyauta a intanet, na masu fara koyon rubuta umarnin da ke sa shafi ya yi aiki, darasi talatin, duk a bidiyo. Ya ja ni ciki, ina jin don ya samu wanda zai riƙa fi ne.

"Ke da kike karanta rubutun likitoci," ya ce, "wannan ai wasa ne."

Kullum da hantsi sai ka ji shi yana faɗa da mai koyarwar. "Tsaya mana! Wa ya biyo ka? Haka ake koyarwa?" Ya dakatar da bidiyon, ya kwafe komai a littafi, ya ja layi da jan biro. Aikin ƙarshe na kwas ɗin shi ne kowa ya haɗa shafinsa. Ni na yi na jerin magunguna, na watsar a rabi.

Tsakaninsa da babbar 'yar kuwa kowa a benen da muke zaune ya sani. Bayan rasuwar mahaifiyarta ta ce ya bar hawa na uku ya koma gidanta, ya ce ba a kwashe shi kamar tsohuwar kujera. Ta faɗa masa magana, ya mayar mata da wadda ta fi ta. Shekara biyu ke nan sai gaisuwar waya, ita ma a taƙaice.

Ranar Talata na same shi zaune a matakala yana haki, ledar burodi a cinyarsa. Kwana huɗu ya yi a asibiti. Da na je duba shi, ban ko zauna ba ya ce, "Abu ɗaya ya ƙi fitowa a shafin nan. Kada ki taɓa min, ni zan gano shi." Na tambaye shi mene ne, ya juya kai bango. Ranar Asabar ma'aikaciyar jinya tana canza masa ledar ruwa ya cika. 'Yar tana hanya a lokacin.

"Da gangan ya yi," ta ce yanzu. "Ya zauna da hankalinsa ya cire ni. Gara da na gani."

"Yaya, bari in duba wani abu."

"Me za ki duba? Ga shi a rubuce."

Raina bai so ba, don ya hana ni, kuma ban san abin da zan tarar ba. Na buɗe baƙin allon da ke bayan shafin, inda umarnin yake. Jerin sunayen na nan a layi na huɗu, bakwai cif. Ƙasa kaɗan, inda ake gaya wa na'ura daga ina za ta fara ɗauko su, ya rubuta ɗaya.

"Ita wannan abar daga sifili take fara ƙirga," na ce. "Na farko a jeri shi ne sifili a wurinta. In aka ce ta fara daga ɗaya, sai ta tsallake shi."

"Ban gane ba."

Na janyo littafinsa na buɗe darasi na goma sha huɗu. Ya kwafe bayanin tsaf, ya soke shi da jan biro, a gefe ya rubuta: "Shirme." Shekara talatin da biyar yana koya wa yara ƙirga daga ɗaya, ba wani mai bidiyo ne zai canza masa ba.

"Ba cire ki ya yi ba. Ke ya fara rubutawa, shi ya sa ba ki fito ba."

Ta matso, ta ɗauki tabaransa ta sa, don ta baro nata a mota. Na nuna mata da yatsa. Sauran shidan duk sunayensu na yanka ya rubuta. A nata wurin ya sa "Uwata".

Daga falo wani yana tambayar ina aka ajiye kofuna.

"Tun ina aji uku rabon da ya kira ni haka," ta ce.

"In gyara? Lamba ɗaya ce kawai."

"A'a. Nuna min."

Na nuna mata. Ta zauna a kujerarsa, ta goge ɗayan da yatsa guda, ta nemi sifili a hankali har ta same shi, ta danna. Na sabunta shafin, "Uwata" ya fito a saman jerin, na fita na ja mata ƙofar. Da na dawo da la'asar kawo kofuna tana nan zaune, hannunta a gefen madannan. In allon ya fara dusashewa sai ta taɓa shi ya sake haske.