Ranar da Aka Yi wa Rana Rumfa

"Wa ya kafa wannan abin a nan?"

Rofiqoh ta ja ta tsaya a ƙofar masallaci, alli a hannu ɗaya, zare mai dalma a ɗayan. An ɗaura wani shuɗin tamfol daga saman tagar yamma har gindin mangwaro, an jera kujerun roba a ƙarƙashinsa. Tagar nan kuwa ita ce wadda ta sa aka cire wa labule tun da safe, don ta nan rana za ta shigo.

Kang Paimin mai sa tayil ya zare tabarsa mai ƙamshin kanumfari daga baki. "Pak Haji ne, Bu Guru. Ya ce ba za a bar manyan baƙi a rana ba."

"Baƙin da aka gayyato su zo su ga ranar?"

"Ni dai tayil aka kira ni in sa."

Haushi ya turnuƙe ta. Mahaifinta, Mbah Kasmuri, shi ya gina masallacin nan da hannunsa tun kafin a haife ta, ya fuskantar da shi inda rana ke faɗuwa, kamar yadda kowa a ƙauyen ya taso ya ga ana yi. Ita kuma da ke koyar da kimiyya a makarantar Islamiyya, har ake ce mata Bu Guru, wato Malama, ta gaji da faɗa musu cewa Makka ba ta yamma sak da tsibirinsu na Jawa, sai an ɗan karkata dama. Da aka tashi sake daɓen masallacin, samari suka zo da wayoyinsu don gano alƙibla, kowace waya da inda ta nuna saboda rodin da ke cikin ginshiƙai. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce wayoyin su fara shiryawa tsakaninsu tukuna.

Sai ta kawo masa tsohuwar hanya, wadda masana taurari na Musulmi suka lissafa tun ɗaruruwan shekaru, ba batir ba caji. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai saman Ka'aba. A wannan ɗan lokacin, duk wanda ke ganin rana, in ya rataya zare, inuwar zaren ta shimfiɗa masa layin alƙibla. Mbah Kasmuri ya ce, "Rana ba ta san kowa ba, Nduk, 'yata. In ita ta faɗa, na yarda."

Jiya da shekaranjiya gajimare ya rufe dutsen da ke bayan ƙauyen, ya tare rana. Yau ce rana ta ƙarshe da lissafin zai yi aiki, ƙarfe huɗu da rabi saura kaɗan. Gobe da asuba Kang Paimin zai jera tayil da baƙin layin sahu, kuma in siminti ya kama, magana ta ƙare.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne Pak Haji Mustangin, shugaban kwamitin masallaci. Yana jin labarin ya mai da shi biki. Ya buga ƙyalle mai hoton taurari, ya ɗauko lasifika, ya gayyato dagaci, ya sa mata suka tula shinkafa mai kurkum a faranti kamar tsauni, da soyayyen tempe na waken soya da ƙwai kewaye da ita.

Ta nufe shi a sunkuye, hannun dama ƙasa, yadda ake wucewa gaban manya. "A gafarce ni, Pak Haji. Rumfar nan ta tare tagar."

"Kada ki damu, Bu Guru. Ina gama ɗan jawabina za a ɗage ta."

"Lokacin ƙanƙane ne, Pak Haji. Ba a ƙara shi."

Ya yi murmushin da ake yi wa yaro mai gaggawar cin abinci. "Haba, ai dagaci ma bai iso ba. In an ɗan makara, wa zai ce wani abu?"

Wa zai ce wani abu! Kamar rana ma 'yar kwamiti ce da za a aika mata a ce ta ɗan dakata. Rofiqoh ta haɗiye maganar, ta shiga ta rataya zarenta a bakin taga, ta riƙe dalmar har ta daina lilo. Daɓen nan wayam, ko alamar inuwa babu.

Dagaci ya iso a kan babur bayan ƙarfe huɗu, ya bi kowa da musabaha ɗaya bayan ɗaya. Pak Haji ya karɓi makirufo, ya gai da dagaci da duk muƙamansa, ya gai da liman, ya gai da shugabar ƙungiyar mata, ya gai da wanda ya ba da aron kujeru. Sannan ya gyara baƙar hularsa ya shiga magana.

Gaskiya dai mutumin ya yi karatu, ba za a hana shi wannan ba. Ya faɗi yadda kakanninmu suka tsara aljabara a Bagadaza, da asibitocin da suka gina lokacin da wasu ke maganin zazzaɓi da tsafi, da kayan fiɗa na likitocin Andalus, da masana'antun takarda na Samarkand. Mutane na gyaɗa kai suna "Masha Allah." Rofiqoh na tsaye a bakin ƙofa tana duba agogo. Ta ɗaga hannu, bai gani ba. Ta yi gyaran murya, lasifika ta cinye. Ta dubi liman, liman ya dubi shinkafa.

"Su waɗannan bayin Allah," in ji Pak Haji, murya na rawa, "ba sa wasa da lokaci! Daƙiƙa ɗaya ba ta wuce su! Mu fa? Mu sai barci!"

Nan haƙurinta ya ƙare. Ta taho kai tsaye, ta ratsa gaban dagaci da liman da ubanta ba sunkuyo ba neman gafara, ta fizge wuƙar yankan tayil daga ƙugun Kang Paimin, ta datse igiyar da ta riƙe tamfol a jikin mangwaro. Rumfa ta zubo. Ta rufe Pak Haji da makirufonsa, ta kwashe kan tsaunin shinkafa, mata suka sa salati. Rana kuwa ta faɗa ta taga kamar da ma a bakin ƙofa take jira.

Rofiqoh ta ruga ciki ta durƙusa. Ga inuwar zaren nan siririya a kan siminti. Ta ɗiga alli a farkonta, ta ɗiga a ƙarshenta, ta daka wa Kang Paimin tsawa ya kawo katako, ta ja layi. Layin ya fita sarai. Ya bar bangon gaba ya karkata dama, karkatar da ko mai ciwon ido zai gani.

Mutane suka cika ƙofa. Pak Haji ya fito daga ƙarƙashin tamfol da shinkafa a kafaɗa, fuskar nan a murtuke. Aka buɗa wa Mbah Kasmuri hanya, ya shigo yana dogara sanda, ya daɗe yana duban allin, ya dubi mihirabin da ya gina.

"To da ina muke kallo?"

"Afirka, Bapak," ta ce wa babanta, har yanzu tana haki. "Can ƙasa da Makka."

Ta shirya wa gardama, ta shirya wa faɗan rashin kunyar da ta yi gaban manya. Tsohon bai yi ko ɗaya ba. Ya juya ya leƙa ta ƙaramar tagar kudu, wajen maƙabartar da ke bayan masallaci.

"Da bangon nan na daidaita kabarin uwarki," ya ce a hankali.

Duk haushin da ta wuni da shi ya zube. Shekara da shekaru tana wannan gardama, ko sau ɗaya tunanin nan bai zo mata ba, sai kunya da tausayi suka kama ta.

"Allah ya san inda kuka nufa, Bapak."

"Ya sani." Ya nuna wa Kang Paimin allin da bakin sandarsa. "Wannan za ka bi." Sannan ya dafa kafaɗarta don ya juya, ya rage murya yadda ita kaɗai za ta ji. "Ranar da za a haƙa nawa kabarin, ke za ki auna, Nduk. Kuma ki auna kafin Mustangin ya karɓi makirufo."